Kwana uku a Donostia ba mota: garuruwan masunta da za a iya zagawa, da yadda za a tsara tafiyar

Tambaya: "Zan halarci wani taro a San Sebastián ta ƙasar Sifaniya, kuma zan samu rarar kwana uku. Ina so in ga ƙananan garuruwan masunta da ke kusa. Ba ni da mota, ba na cin naman alade, ba na shan giya. Ta ina zan fara?"

Malam, kwana uku sun ishe ka, matuƙar ba taswira kaɗai za ka duba ka tsara tafiyar ba. A taswira garuruwan nan a manne suke da juna, mutum ya ɗauka zai zaga biyar ko shida a wuni guda. Da ya sauka sai ya tarar wasu abubuwa ne ke iko da lokacinsa: sa'ar da teku ke janyewa, sa'ar da gidajen abinci ke hura gawayi, da kuma kifin da ake kamawa a watan. Wanda ya yi watsi da su zai isa Zumaia ruwa ya rufe abin da ya je gani, ya isa Getaria ƙarfe huɗu an riga an kashe wuta.

Fara da sunaye, don a nan baƙo ke soma ruɗewa. Kusan kowane gari suna biyu gare shi, na harshen Bask da na Sifaniyanci. San Sebastián ita ce Donostia, Fuenterrabía ita ce Hondarribia, Pasajes de San Juan ita ce Pasai Donibane. A goshin bas da allon tasha na Bask ɗin za ka fi gani, saboda haka shi zan yi amfani da shi.

Rashin mota bai rage ka da komai ba. A watannin Yuli da Agusta mai mota ya fi ka shan wahala, don tsofaffin garuruwan a matse suke tsakanin dutse da ruwa, wurin ajiye mota kaɗan ne kuma na kuɗi. Kai jirgin ƙasa na Euskotren za ka riƙe. Tasharsa tana wajen dandalin Easo a unguwar Amara, daban take da tashar Renfe, kamfanin jirgin ƙasa na Sifaniya, da ke tsallaken kogin Urumea, kuma mutane da yawa sukan nufi ta Renfe su ɓata rabin awa a banza. Layin yamma mai zuwa Bilbao yana tsayawa a Aia-Orio, Zarautz, Zumaia da Deba. Zuwa Zarautz kamar minti 30 ne, Zumaia kamar 40, Deba ya doshi awa guda, kuma jiragen da ke wuce Zumaia sun fi ƙaranci. Layin gabas, wanda mutanen gari ke kira Topo, yana bi ta Pasaia da Errenteria da Irun ya ƙare a Hendaia cikin Faransa. Garuruwa uku da suka fi cancantar gani kuwa ba su da tashar jirgi: Getaria, Hondarribia da Mutriku. Su sai bas na Lurraldebus. Sayi katin Mugi ka zuba masa kuɗi tun ranar farko. Yana aiki a jirgin da bas ɗin gari da na ƙauyuka, kuma ya fi sayen tikiti ɗai-ɗai sauƙi. A jirgi da bas ɗin ƙauyuka ana taɓa katin a shiga, a sake taɓawa a fita, don da nisan tafiya ake lissafi. Wanda ya manta na fita kuɗin zango mafi nisa ake cire masa.

Ranar da za ka fara zaɓa ita ce ta Zumaia, sauran biyun su bi bayanta, saboda ita kaɗai ce teku ke tsayar wa lokaci.

Abin da ake zuwa gani a Zumaia duwatsun gaɓa ne da masana ke kira flysch. Shimfiɗu ne na dutse, mai tauri bisa mai laushi, mai laushi bisa mai tauri, dubbai, waɗanda suka taru a ƙarƙashin teku cikin shekaru kimanin miliyan 60. Daga baya, lokacin da ƙasar Iberiya ta matsu da ta Turai har tsaunukan Pirenis suka taso, sai shimfiɗun suka miƙe suka karkace, suka tsaya jere kamar allunan almajirai da aka jingina a bangon zaure. Igiyar ruwa na cinye masu laushin tana barin masu taurin, shi ya sa idan ruwa ya janye za ka ga dogayen layuka na dutse sun miƙe cikin teku ɗaruruwan mitoci. A lungun Algorri akwai wani siririn layi mai duhu, kaurinsa 'yan santimitoci ne, wanda ya kwanta shekaru miliyan 66 da suka wuce, lokacin da ƙaton dutse daga sararin sama ya faɗo duniya manyan dabbobin nan dainoso suka ƙare. Ba mai nuna maka, da wuya ka gane shi. Yankin daga Zumaia zuwa Deba da Mutriku yana cikin wuraren tarihin ƙasa da UNESCO ta amince da su, kuma haramun ne a fasa dutse ko a ɗauki guntu a sa a aljihu.

Duk wannan sai ruwa ya janye. A gaɓar nan teku na cika sau biyu, yana janyewa sau biyu a yini, tsakanin janyewa da janyewa awa 12 da minti 25, don haka kullum lokacin na matsawa gaba da kimanin minti 50. Girman janyewar kuma yana bin wata. A kwanakin tsayuwar sabon wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata (a lissafin watan Musulunci), bambancin cika da janyewa yakan kai mita huɗu, kuma a irin waɗannan ranaku janyewar takan faɗo wajen tsakar rana, abin da ya dace da matafiyi. A wajen 7 da 22 ga wata kuwa ruwan ba ya ja da baya sosai, rabin shimfiɗar na nan a nutse. Nemi jadawalin cika da janyewar teku na Zumaia a intanet ko a ofishin baƙi, ka duba a cikin kwanakinka uku wace rana ce janyewa ta faɗo tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana. Ita ce ranar Zumaia.

Ka isa rairayin Itzurun awa ɗaya da rabi kafin ƙarshen janyewa. Daga tashar jirgi tafiyar minti 20 ce a ƙasa. Ka bar kan duwatsun awa ɗaya bayan ruwa ya juyo. Dalili shi ne ruwan ba ya dawowa da gudu ɗaya. A awar farko a hankali yake tafe har ka raina shi, amma a awa ta uku da ta huɗu yake zubo rabin duk abin da zai cika, wato kusan mita biyu a ranar babban ruwa. Kuma ba ta gabanka yake zuwa ba. Ta kwaruruwan da ke tsakanin layukan dutse yake shigowa, ya zagaya ya tare maka hanyar komawa kana can kana ɗaukar hoto. Takalmi ya zama mai kama ƙasa, don dutsen da gansakuka ta lulluɓe santsi gare shi ƙwarai, gefensa kuma kaifi. Kada ka zauna a gindin gangaren, duwatsu na zubowa musamman bayan ruwan sama. Idan ka fito sai ka hau wajen 'yar majami'ar San Telmo da ke bakin gangaren, daga nan ake ganin fasalin gaɓar gaba ɗaya. In ranakunka duk ba su dace da janyewa ba, akwai jiragen ruwa da ke zaga baƙi gefen duwatsun da mai bayani. Ana yin rajista tun da wuri, kuma sukan fasa fita in teku ya tashi.

Mai ƙarfin ƙafa yana iya takawa daga Zumaia zuwa Deba ta kan gangaren, kimanin kilomita 14, awa huɗu zuwa biyar saboda hawa da sauka, ya dawo a jirgi. Ruwan sha ya yi ƙaranci a hanyar, bayan ruwan sama kuma taɓo ne. Amma wannan cinye wuni yake yi. In garuruwan masunta ka zo gani, ka haƙura da shi, ka hau bas daga Zumaia zuwa Getaria, minti goma ne, ka ci abincin rana a can.

Getaria ce garin da zan ce kada a tsallake ko da wuni ɗaya gare ka. Ƙaramin gari ne da tituna uku ko huɗu masu gangarowa tashar jiragen su, gabansa tsibirin San Antón da aka haɗe da gari, wanda ake wa laƙabi da ɓeran Getaria saboda siffarsa daga nesa. Nan aka haifi Juan Sebastián Elcano, wanda ya ƙarasa tafiyar teku da matuƙin jirgin ruwa Magellan ya faro, ya dawo Sifaniya a 1522 da mutum 18 a jirgi ɗaya bayan sun kewaye duniya karon farko. Nan kuma aka haifi shahararren telan nan Cristóbal Balenciaga a 1895, gidan tarihin ɗinkinsa na kan tudu tun 2011. Shiga majami'ar San Salvador ka lura da daɓenta: a karkace yake, yana hawa, don a kan gangaren dutse aka gina ta, titi kuma ya bi ta ƙarƙashinta ya fita bakin ruwa.

Amma abin da ke tsayar da mutum a Getaria murhunan gawayi ne da ke jikin bangon gidajen abinci ta waje, a kan titi. Ana sa kifi ɗungurungum cikin ragar ƙarfe da aka ƙera daidai siffarsa, ana juyawa, ana yayyafa masa man zaitun da ruwan tsami da gishiri. Sarkinsu rodaballo, shimfiɗaɗɗen kifi mai kitse a ƙarƙashin fata, wanda ba a feɗe shi kafin gashi don fatar ce ke riƙe romon. A nan ne baƙi ke ƙona aljihu. Farashin da ke rubuce a takarda na kilo ɗaya ne, ba na faranti ba, kifin kuma yakan kai kilo ɗaya da rabi ko biyu, cin mutum biyu ko uku. Kafin a ɗora shi a wuta ka ce a nuna maka shi, a faɗa maka nauyinsa, ka yi lissafinka. Ba abin kunya ba ne, haka 'yan gari ke yi. Na teku ya fi na kiwo tsada nesa ba kusa ba. In kai kaɗai ne, ka bar rodaballo, ka nemi kifin da ake kakarsa, shi ya fi araha kuma ya fi daɗi.

Kakar kuwa a jere take. Daga ƙarshen sanyi zuwa Afrilu ana kama berdela, kifin nan da ake sayarwa daskararre a kasuwannin Najeriya da sunan taitus. Ɗanyensa da ya kwana ɗaya da fitowa daga ruwa wani abu ne daban. Daga Maris zuwa Yuni lokacin antxoa ne, ƙaramin kifi mai tsawon yatsa ko ɗan fi, wanda ake kewaye shi da koma da dare. Kifin nan ya taɓa ƙarewa saura ƙiris, har aka rufe kamunsa daga 2005, ba a sake buɗewa ba sai 2010, shi ya sa yanzu akwai ƙa'idar adadin da kowane jirgi zai kamo. Daga Yuni zuwa Oktoba sai farin tuna, hegaluzea, wanda ake kamawa ɗai-ɗai da sanda da ƙugiya, ana watsa ƙananan kifaye masu rai a ruwa don jawo shi. A wannan lokacin jiragen kan yi kwanaki a teku, don haka kana iya tarar da tashar wayam. Ƙungiyar masunta ta kowane gari, kofradia, ita ke gudanar da gwanjon kifi, inda farashi ke farawa daga sama yana sauka har wani ya tsayar. Zauren gwanjon na dillalai ne, baƙo ba ya faɗawa kai tsaye, amma sauke kifi da safe a bakin tasha kowa na iya tsayawa ya kalla, in bai tare wa masu keken ɗaukar akwatuna hanya ba. Za ka ga mata zaune a ƙasa suna ɗinke koma, za ka kuma ji Wolof a bakin ma'aikatan jirgi, don 'yan Senegal da yawa ne ke aiki a jiragen su na gaɓar nan. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa. Jiragen kusa da gaɓa ba sa fita ƙarshen mako, saboda haka Lahadi da Litinin ba ranakun ganin aiki ba ne, Litinin kuma gidajen abinci da gidajen tarihi da dama a rufe suke.

Lokacin abinci a tsaye yake: na rana daga ɗaya da rabi zuwa uku da rabi, na dare daga takwas da rabi. Tsakaninsu murhu a kashe. A lokacin zafi da ƙarshen mako ka kama tebur tun kwana ɗaya ko biyu kafin.

Game da abin da ba ka ci, gasasshen kifi shi ne mafi aminci, tunda a gabanka ake yin sa. Tarkon yana cikin ƙananan abincin da ake jerawa a kan kanta, pintxo. Sau da yawa akwai yankan naman alade a ƙarƙashin kifi ko ƙwai, croqueta kuma, ɗan soyayyen curi, galibi da shi ake cusa ta. Cewa ba ka cin nama bai wadatar ba, don wasu ba sa lissafa jamón, busasshen naman cinyar alade, a cikin nama. Ka ambace su da suna: sin cerdo, sin jamón, sin vino, wato ba alade, ba jamón, ba giyar inabi. Txistorra, chorizo, morcilla da panceta duk alade ne. Miyar kifi da koriyar miyar da ake dafa kifin merluza a ciki sau da yawa ana zuba musu giya, sai ka tambaya. Gilda ba ta da matsala: zaitun ne da antxoa da ɗan barkono mai tsami a tsinke. Haka kokotxas al pil-pil, naman maƙoshin kifi da aka dafa a man zaitun da tafarnuwa. A marmitako, faten tuna da dankalin turawa, in ka ji an ambaci pimiento choricero kada sunan ya firgita ka, busasshen tattasai ne. Giya kawai za ka tambaya. Txakoli da gonakinsa suka kewaye Getaria giya ce, sagardoa ta tuffa ma haka. Mosto shi ne ruwan inabi marar sa maye.

Daga Getaria akwai hanyar ƙafa shimfiɗaɗɗiya a gefen teku zuwa Zarautz, kilomita huɗu, ƙasa da awa guda, daga nan ka hau jirgi ka koma. Zarautz rairayi ne mai tsawon kilomita biyu da rabi da masu wasan hawa igiyar ruwa. Ba garin masunta ba ne yanzu, wucewa ya isa. Orio tana bakin kogin Oria, an san ta da gashin kifin besugo da tseren kwalekwale, kuma masuntanta ne suka kashe balea ta ƙarshe a gaɓar nan ranar 14 ga Mayu 1901. Balea ita ce ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayarwa wadda ake narka kitsenta a yi mai, farautarta ce ta gina garuruwan nan ɗaruruwan shekaru.

Wannan tarihin a Pasaia za ka gan shi da ido, kuma ita ce rana ta biyu. In sararin sama ya yi kyau, da ƙafa ake zuwa. Daga ƙarshen rairayin Zurriola a unguwar Gros ka hau matakalar dutsen Ulia, ka bi alamar fenti ja da fari ta gefen teku, kimanin kilomita bakwai, awa biyu zuwa biyu da rabi. Hawan farko ne mai wuya. Bayan hasumiyar fitila ta La Plata sai doguwar matakala ta sauke ka a bakin mashigar tashar, wata siririyar ƙofa tsakanin duwatsu biyu da manyan jiragen dakon kaya ke kutsawa ta ciki dab da kai. A gefen San Pedro akwai Albaola, masassaƙar jiragen katako da ta ɗauki aikin sake ƙera San Juan, jirgin farautar balea da ya nutse a Red Bay ta Kanada a 1565, aka gano shi a 1978, da irin itacen da irin dabarar wancan zamani. Daga nan ƙaramin kwalekwale mai inji zai tsallakar da kai Pasai Donibane cikin minti biyu. Riƙe 'yan sulalla, kuɗin bai kai yuro biyu ba. Donibane titi ɗaya ce tak, tana bi ta ƙarƙashin gidaje. Marubucin Faransa Victor Hugo ya zauna a ɗaya daga cikinsu a 1843, daga tashar nan kuma hafsan sojan Faransa Lafayette ya tashi zuwa Amurka a 1777.

Hondarribia ta cancanci rana ta uku, ko aƙalla yammacin ta biyu. Bas mai lamba E21 daga dandalin Gipuzkoa yana kai ka cikin kimanin rabin awa. Gari biyu ne a haɗe: na sama mai ganuwa da fadar da ta koma otal, da na ƙasa, unguwar masunta ta Marina, inda barandun katako ke da fenti kore da ja da shuɗi. Tsallaken kogin Bidasoa Faransa ce, kwalekwale na kai mutum Hendaia cikin minti goma. Bizar Schengen ta ba ka damar tsallakawa, amma fasfo ɗinka na ainihi ya kasance a jikinka, hoton waya ba ya wadatarwa. 'Yan sandan Faransa na yawan bincike a iyakar Irun da Hendaia saboda hanyar 'yan ci-rani ce, kuma baƙar fata ya fi kowa fuskantar tambaya. In tafiyarka ta faɗo 8 ga Satumba, garin cike yake da bikin tunawa da ƙawanyar 1638. Lahadi biyun farko na Satumba kuma a Donostia ake tseren kwalekwale na La Concha, mai tuƙi 13 da mai riƙe akala, garuruwan gaɓa duk sukan kwaso su taho.

Yanayi kada ka yarda da shi. Donostia na samun ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara, yawanci yayyafi marar ƙarewa, a kowane wata. Rigar ruwa ta fi lema amfani saboda iska. A ranar da zafi ya tsananta iska ta ɗauke, akwai galerna, guguwar da ke tasowa daga arewa maso yamma ba sallama, sanyi ya sauko cikin mintuna. Irinta ce ta hallaka masunta 143 a Agustan 1912, galibinsu 'yan Bermeo. Duba hasashen Euskalmet, hukumar yanayi ta yankin Bask, kowace safiya. In an ba da gargaɗin igiyar ruwa, kada ka hau katangar tasha, kuma hanyar Zarautz zuwa Getaria da Zumaia akan rufe ta. Jar tuta a rairayi na nufin ba shiga ruwa, masu ceto kuma lokacin zafi kawai suke aiki. Lambar gaggawa 112. Don tsara salla, ka sani a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, a Disamba kuwa biyar da rabi ta yi. Agogonsu daidai yake da na Najeriya da Nijar a lokacin sanyi, yana gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.

In za ka sayi tsaraba, ka yi hattara da antxoa ta gwangwani. Ba dafa ta ake yi ba. Danne ta ake yi cikin gishiri watanni, a cire ƙaya da hannu, a zuba mai, don haka firji take buƙata ko da ba a buɗe ba. In ta yi kwanaki a jaka cikin zafi sai ta narke ta koma gishiri zalla. Farin tuna na kwalba ko gwangwani dafaffe ne, shi zai jure tafiya har gida, amma ka sa shi a babbar jaka, don a filin jirgi man da ke ciki na iya sa a karɓe shi daga jakar hannu.